Kangon Shobak da matakalar da ke sauka wajen ruwa

Ɗalibin Jodan:
Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, wani abu ne ya tsaya min a rai tun ranar Asabar na kasa ajiye shi. Mu huɗu muka ɗauki mota daga Amman za mu Petra, to direban sai yace tunda hanya ta biyo da mu bari ya ratse mu ga ƙal'ar Shobak, wato wani tsohon gidan yaƙi, wai tsakaninta da Petra bai wuce tafiyar rabin awa ba. Ni dai wlh ban taɓa jin ko sunanta ba. Muna shan wata kwana kawai sai ga tudu ɗaya tilo kamar an kifa ƙwarya, kwari ya kewaye shi, a can ƙololuwa ga ganuwar dutse da hasumiyoyi, wani wajen a tsaye wani wajen ya zube, kuma launin ginin da na ƙasar wajen duk ɗaya ne sai ka ƙura ido kafin ka raba aikin mutum da dutsen da Allah ya ajiye. Ba wani makeken waje bane fa, in ka sa kanka yanzun nan ka gama zagaye shi, amma iskar da ke kaɗawa a saman nan sai da ta sa haƙorana haɗuwa, tudun ya kai wajen mita 1,300 sama da doron teku, ance da hunturu har dusar ƙanƙara ke sauka.

Ciki kango ne sosai. Ɗakuna masu rufin dutse irin bakan gizon nan na soron sarakunanmu, ragowar coci guda biyu, ramukan tara ruwan sama, ga tulin mulmulallun duwatsu da ake jifa da su lokacin yaƙi, daga waje kuma a jikin hasumiya rubutun Larabci ne manya manya an sassaƙa a dutse. Duk wannan na gani na wuce. Abinda ya kashe min jiki wani ɗan rami ne da mai gadin ya nuna mana, yace matakala ce aka fafe a cikin dutsen, taki wajen 375, tana nutsawa har gindin tudun inda idon ruwa yake. Muka kunna tocilan waya muka shiga, duhu kamar ka sa hannu ka kama, takin duk sun cinye sun yi santsi wani wajen sai da zama ake sauka, ga ƙura, ni ina tafe ina tunanin mutumin da ya zauna da guduma da kurfi yana saran dutsen nan kullum ba ya ganin rana, don kawai in an yi musu ƙawanya su samu ruwan sha ba tare da sun leƙo waje ba. Mai gadin yace 'yan Salibiyya, wato Kiristocin Turai da suka zo yaƙin ƙwace Ƙudus, su ne suka gina ƙal'ar. To tambayata kenan, na san su wane ne su kuma na san abinda suka yi, amma wlh a cikin ramin nan tausayi da girmamawa naji ga masu aikin, shin akwai aibu a hakan? Kuma wa ya san tarihin wajen sosai ya warware mana?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena ka yi hattara da irin wannan tausayin. Wajen da kake yabo maɓoyar 'yan fashi ce, daga irin waɗannan gidajen suke saukowa su tare ayarin musulmi masu zuwa Makka da fatake masu zuwa Masar su kwashe dukiya su kama mutane. Ramin ruwan da ya burge ka shi ya ba su damar daɗewa suna zalunci. Ni da za a bi tawa ma ba sai an kashe ko sisi wajen adana shi ba.

Maman Ilham:
Kai Allah sarki, taki 375 a cikin duhu. Ni ba wanda ya fafe ramin nake tunani ba ma, wanda zai hauro da tulu ko salka a kai nake tunani, sau nawa a rana? Duk wadda ta taɓa ɗebo ruwa daga rafi ta hau tudu da shi ta san me nake nufi.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗalibi ka je waje mai daraja, kuma Abu Sumayya akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba, bari in ɗan jero abin yadda yake.

Sarki Baldwin na ɗaya, sarkin Faranjawa, wato 'yan Salibiyyan da suka ci Ƙudus, shi ya gina ta a 1115, wato shekara 16 bayan sun shiga Ƙudus a 1099. Suka sa mata suna Montreal, ma'ana dutsen sarki, saboda da kansa ya tsaya kan aikin. Dalilin zaɓen wannan tudun ba ɓoyayye bane, duk ayarin da zai tashi daga Sham zuwa Masar ko ya gangara Hijaz dole ya ratsa wannan yankin na gabas da Mataccen Teku, to wanda ya zauna a Shobak ya zama kamar mai riƙe da mashigi, ba ka wucewa sai ka biya kuɗin fito ko ka nemi izini. Shekara ɗaya bayan nan, 1116, Baldwin ya ƙarasa har Aila wadda muke kira Aƙaba yanzu a bakin Bahar Maliya. Daga baya a 1142 suka gina Karak a arewa, wadda ta fi girma nesa ba kusa ba, sai mazaunin mai mulkin yankin ya koma can, Shobak ta zama ƙanwa.

Wanda Abu Sumayya ke nufi da fashi shine Arnaɗ, Turawa na ce masa Reynald na Shatiyon. Mutumin nan ya yi shekara 15 ko fiye a kurkuku a Halab, da ya fito ya auri magajiyar yankin mai suna Stefani wajen 1177, ta haka Karak da Shobak suka faɗo hannunsa. Shi ne ya sa aka sassaƙa jiragen ruwa gunduwa gunduwa aka ɗora wa raƙuma har Aƙaba aka harhaɗa, suka shiga Bahar Maliya a 1182 zuwa 1183 suna ƙona jiragen fatake da na alhazai, har sai da Husamuddin Lu'ulu'u, kwamandan jiragen Salahuddin, ya fito da jiragen Masar ya murƙushe su. Kuma shi ne ya afka wa wani babban ayari ana tsakiyar sulhu, abinda ya sa Salahuddin ya yi rantsuwar kashe shi da hannunsa, ya kuma cika a yaƙin Hiɗɗin ranar 4 ga Yuli 1187. To wannan duk gaskiya ne babu mai musu.

Inda zan saɓa da kai shine cewa gidan 'yan Salibiyya ne kawai. Ku yi lissafi, 1115 zuwa 1189 shekara 74 kenan. Daga nan har yau a hannun musulmi take, sama da shekara 800.

Ɗalibin Jodan:
Allah ya saka da alheri Malam. Shekara 74 kacal? Wlh yadda direban da mai gadin da takardun 'yan yawon buɗe ido ke ta cewa ƙal'ar Salibiyya ƙal'ar Salibiyya na ɗauka sun yi ɗaruruwan shekaru a ciki. To rubutun Larabcin nan da na gani a jikin hasumiya na waye?

Malamin Tarihi:
Yawwa ka zo wajen. Wannan rubutun na zamanin Mamalik ne, wato sarakunan musulmi na Masar da Sham da suka gaji gidan Salahuddin, sunan Sarki Husamuddin Lajin ne a jiki, wanda ya sa aka sake gina hasumiyoyin a shekara ta 697 bayan hijira, wato 1297 zuwa 1298. Kenan abinda ya fara tsone maka ido daga kan hanya, waɗancan manyan hasumiyoyin na waje, yawancinsu ba aikin Faranjawa bane. Kafin Lajin ma, da Salahuddin ya karɓi wajen ɗan'uwansa Al-Adil ya ba wa, zuriyar Al-Adil suka gina fada a ciki da zauren karɓar baƙi wanda har yanzu ana ganin ragowarsa, sannan Baibars sarkin Mamalik ya karɓe ta a 1261. Masu haƙar tarihi na jami'ar Florence ta Italiya sun shafe shekaru suna aiki a wajen, su suka bi bango bango suna rarrabe wane layin dutse ne na wa. Shi ya sa in an ce a bar shi ya rushe don na kafirai ne, to fadar Ayyubawa, wato dangin Salahuddin, da rubutun Lajin ne za su fara zubewa.

Abu Sumayya:
Na ji Malam kuma na ƙaru, ban san da zancen Lajin ba. Amma har yanzu ina kan bakana game da tausayin. A adana don ibra na yarda, Alƙur'ani ma ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Amma girmamawa fa? Mutanen da suka baro ƙasarsu suka zo suka zauna wa mutane a kan hanya?

Baffan Gwale:
Abu Sumayya ɗana, yaron nan bai ce yana girmama Arnaɗ ba, cewa ya yi wanda ya sari dutsen. Kai kana zaton sarki ne ya riƙe guduma? Ko'ina a duniya talaka ne ke wannan aikin, kuma a wancan yankin ai 'yan ƙasa ne suka fi yawa, baƙin 'yan kaɗan ne. Ni na yi aikin haƙar rijiya da ƙuruciya kafin in shiga kasuwa, gaba goma sha biyu kawai in ka nutsa numfashinka sai ya canza, kana ɗaga kai ka ga sama ta koma kamar faifai. Wanda ya yi taki ɗari uku da ɗoriya a cikin dutse ko waye shi na san abinda ƙirjinsa ya ji. Jin haka ba ya rage wa mutum imani.

Maman Ilham:
Baffa ka faɗi abinda ke raina. Malam dan Allah yaya aka yi aka ci wajen tunda suna da ruwa? Hawa aka yi aka fasa ganuwar?

Malamin Tarihi:
Hajiya ba a fasa ba, yunwa ce ta ci su. Tudun a tsaye yake ta ko'ina, manjaniƙ wato majaujawar nan ta yaƙi mai jifa da manyan duwatsu ba ta samun wajen zama mai kyau kusa da bango. Tun a 1171 Salahuddin ya taɓa zuwa ya yi mata ƙawanya, lokacin yana ƙarƙashin Nuruddin sarkin Sham, sai ya janye ya koma Masar kafin Nuruddin ya iso daga Sham, abinda ya jawo tsamin dangantaka tsakaninsu. Bayan Hiɗɗin kuma sai aka bar runduna ta zauna musu a gindin tudu, ba shiga ba fita.

Akwai wani abu da ya faru a tsakani da nake so Abu Sumayya ya ji. A Hiɗɗin an kama ɗan Stefani, saurayi mai suna Humfri. Uwar ta je ta roƙi Salahuddin, yace zai sake shi in Karak da Shobak suka miƙa wuya. Ta je da kanta ta yi wa dakarun magana suka ƙi buɗe ƙofa, sai matar nan ta mayar da ɗanta hannun Salahuddin tunda sharaɗi bai cika ba, shi kuma daga baya ya sake shi. Karak ta sallama a ƙarshen 1188, Shobak ta ƙara watanni sai a 1189, bayan Ƙudus kanta ta daɗe da komawa hannun musulmi tun Oktoban 1187. Marubutan Faranjawa na wancan zamanin sun ce mutanen ciki sun kai ga sayar da matansu da 'ya'yansu don abinci, wasu kuma suka makance wai saboda rashin gishiri. Da suka fito Salahuddin bai kashe su ba, amana ya ba su suka tafi yankin da ke hannun 'yan uwansu. To in wanda ya yaƙe su da takobi ya ga jimirinsu ya bar su suka tafi da ransu, ina ganin ɗalibinmu bai yi laifi ba don ya ji wani abu a cikin ramin.

Abu Sumayya:
Wannan halin Salahuddin ne Allah ya jiƙansa, kuma shi ya sa har abokan gaba ke ambatonsa da alheri. Na sassauta amma ban sauka duka ba, ni dai abinda nake tsoro shine yaranmu su je irin wuraren nan a cika musu kunne da jarumtar Faranjawa su dawo ba su san ko sunan Lu'ulu'u ba. Ga shi shi kansa ɗalibin sai a nan ya ji zancen shekara 74.

Ɗalibin Jodan:
Wannan kam gaskiyarka ne Yaya, ba zan musa ba. Na tsaya a gaban rubutun nan ina iya karanta Larabci amma ban tsaya na karanta ba, hankalina na kan ramin.

Na Shehu:
Ni tambaya ta ɗaya ta, alhazzanmu na ƙasar Hausa da Borno na da can sun bi ta wagga hanya? Don na taɓa jin wani na cewa Mansa Musa ya wuce ta gindin wani gidan yaƙi na Nasara a hanyarshi ta Makka, ko nan ne?

Malamin Tarihi:
A'a Na Shehu, wannan an haɗa zance biyu ne. Mansa Musa 1324 ya yi hajjinsa, lokacin shekara 135 kenan da fitar Faranjawa daga Shobak, kuma ta Alƙahira ya bi, ayarin Masar kuwa Sina'i yake ratsawa ya ɓullo Aƙaba ya gangara Hijaz, ba ya hawowa ta Shobak. Wadda ke kusa da Shobak hanyar mutanen Sham ce mai bi ta Ma'an. Inda abin ya taɓa mutanen nahiyarmu shine, zaman Faranjawa a wannan yankin ya sa hanyar tudu ta Sina'i ta zama mai hatsari, sai alhazan Masar da Magrib da na ƙasashen baƙar fata suka koma bin Kogin Nilu zuwa kudu, su ratsa hamada zuwa tashar Aizab su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Kuma Aizab ɗin na cikin wuraren da jiragen Arnaɗ suka kai wa hari. Ibn Jubair matafiyin nan na Andalus da ya sauka Iskandariyya a 1183 ya ga fursunonin wannan harin da idonsa ana zagayawa da su a kan raƙuma an juya fuskokinsu wajen wutsiya. Kaga ɗan ƙaramin gida a kan tudu ya karkatar da hanyar hajjin rabin duniya.

Injiniya:
Ni ta ɓangaren gini zan shigo. Mutane na ganin ganuwa su ce ita ce ƙarfin kagara, alhali ganuwa ko nawa ce kaurinta kwana uku ba ruwa an gama da kai. Matsalar gini a kan tudu kenan, tsayin da ya kare ka daga maƙiyi shi ya nisanta ka da ruwa, don ruwa a kwari yake. Hanya biyu ce, ko ka tara na sama a ramuka da aka shafe da farar ƙasa yadda ba zai tsiyaye ba, wanda a ƙasa irin kudancin Jodan da ruwan sama ba yawa ba zai kai ka ko'ina ba in ƙawanya ta yi tsawo, ko kuma ka bi ta cikin dutsen ka iske idon ruwan daga ciki. Na biyun suka yi, kuma ku tuna ba su da na'urar awo irin tamu, kana sara a cikin duhu kana karkata kana gangarawa kuma dole ka faɗa daidai inda ruwan yake, in ka kauce da 'yan taku kaɗan aikin shekaru ya tafi a banza. Wannan lissafin ne ni yake ɗaure min kai.

Sannan ɗalibi ina so in tambaye ka, inda aka yi gyara ka lura da me aka yi? Don abinda ke kashe tsofaffin gine gine yanzu ba ruwan sama bane kaɗai, gyaran ganganci ne. A ɗauko siminti a liƙa wa bangon da aka gina da farar ƙasa, siminti ba ya numfashi, danshi ya maƙale a ciki gishiri ya taru dutsen ya fara ruɓewa ta ciki, shekara ashirin sai ka ga fuskar bangon ta ɓare gaba ɗaya.

Ɗalibin Jodan:
Injiniya akwai wuraren da dutsen ya fi haske kana gani ka san sabo ne, musamman wajen ƙofar shiga, amma yawancin cikin an bar shi yadda yake, tulin duwatsu a ƙasa wasu an jera su gefe guda. Ni kam hakan ya fi min, don kana iya ganin inda wani bango ya hau kan wani, dutsen ƙasa daban na sama daban.

Ɗan Damagaram:
Ni ban yarda a bar kango haka ba. In kana da hali ka tada shi yadda yake da, yara su shiga su ga ɗaki da rufinsa, ba tulin duwatsu ba. Mu nan Zinder ganuwar Birni da Sarki Tanimun ya gina saura 'yan guntaye, yaro zai wuce ta gabanta kullum bai san mene ne ba, da an tada ko ɓangare ɗaya cikakke ai da ya tsaya ya tambaya.

Injiniya:
To a Shobak wanne za ka tada? Na Baldwin, ko fadar Ayyubawa, ko na Lajin, ko gidajen ƙauyawan da suka zauna a ciki daga baya? Duk wanda ka zaɓa sai ka rushe ko ka rufe sauran. Ganuwar ƙasa irin tamu daban ce, ita dama in ba a yi mata yaɓe duk bayan damina ba narkewa take, gyaranta shine rayuwarta. Amma dutse in ka tokare shi ka hana ruwa zama a gindinsa zai kai wasu ɗaruruwan shekarun a haka.

Ɗan Damagaram:
Na gane bambancin, amma ko a dutsen ne ni dai ina ganin ɗaki ɗaya cikakke ba zai ɓata komai ba.

Maman Ilham:
Tsaya Injiniya, ƙauyawa sun zauna a ciki? Yaushe?

Malamin Tarihi:
Sosai ma Hajiya, ai wannan ne ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Bayan zamanin Mamalik wajen ya rage daraja a wajen masu mulki, sojojin Ibrahim Basha na Masar suka yi masa ɓarna a ƙarni na 19, amma mutanen Shobak suka ci gaba da zama a cikin ganuwar da iyalansu da dabbobinsu, suna noma a kwari, har wajen shekarun 1950 kafin su sauko su koma ƙauyukan da ke kewaye. Kuma tunda kin damu da masu ɗebo ruwa, a 1905 mutanen garin sun yi wa Turkawan Usmaniyya tawaye, abinda ya kunna wutar shine sojojin da aka girke a ƙal'ar sun tilasta wa matan garin aikin ɗebo musu ruwa daga kwari. Mazan suka ce ba za ta saɓu ba suka kori sojojin suka rufe ƙofa, sai da aka turo runduna aka murƙushe su da ƙarfi.

Maman Ilham:
Inna lillahi. Kun gani ko, shekara kusan 800 tsakanin Baldwin da wannan, sarakuna sun canza tuta ta canza, amma matsalar tana nan, wa zai hauro da ruwa kan tudun. Kuma a ƙarshe a kan mata ta faɗo. Wlh da ni ce mai rubuta allon da ake kafawa a ƙofar wajen da matan nan zan fara kafin in ambaci wani sarki.

Baffan Gwale:
Ni kuma wani abu ne ya dame ni tun da Malam ya ce 1115. Malam in ban manta ba ai ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta ko?

Malamin Tarihi:
Haka ne Baffa, yadda tarihin sarakunan Kano ya kawo Gijimasu ya yi mulki 1095 zuwa 1134, kuma shi ya fara ganuwar. Kenan kusan sa'o'in juna ne da Shobak, daga baya sarakuna irin su Muhammadu Rumfa suka faɗaɗa ta.

Baffan Gwale:
To kun ji. Lokacin da wancan ke saran dutse a kan tudunsa kakanninmu na kwaɓa ƙasa a gindin Dala. Ni da idona na ga badala lokacin da yaro ba ya iya hawanta sai da dabara, muna hawa mu hango har bayan gari. Yau wani wajen an yanka an yi shago, wani wajen an kwashe ƙasar an yi bulo, wani wajen bola ce, kuma ba baƙo ne ya zo ya yi mana ba, mu ne. Su can ƙaramin tudu ɗaya sun sa mai gadi sun kira masana daga wata ƙasa suna ƙirga duwatsu. Abin na ci min rai ƙwarai, ba don ina ƙyashin nasu ba.

Na Shehu:
Baffa ko Surame ta Kanta da ke nan wajenmu, wadda ita da dutse anka gina ta, mutum nawa cikin zauren ga sunka taɓa zuwa? Ni kaina sau ɗaya na taɓa zuwa, daji ya cinye ta.

Abu Sumayya:
A kan wannan kam babu jayayya tsakanina da kowa. Ɗalibi in ka koma ka ɗauko mana hoton rubutun Lajin ɗin daga kusa yadda za a iya karantawa, ina so in ga laƙabin da aka yi masa da kuma ko akwai aya a ciki.

Ɗalibin Jodan:
Insha Allah Yaya, muna gama jarabawa zan koma, wannan karon Shobak ɗin zan nufa ba ratse ba, in kwana a ƙauyen in hau da sassafe kafin iska ta tashi. Zan ɗauko rubutun bango bango. Injiniya kai ma zan ɗauko maka inda aka yi gyaran ka duba ko siminti ne.

Maman Ilham:
Ka tafi da tocila ta gaske ba ta waya ba, da takalmi mai kama ƙasa, kuma kar ka shiga ramin kai kaɗai. In ka samu wata tsohuwa a ƙauyen da aka haifa a cikin ganuwar ka gaishe ta ka tambaye ta ta ina suke ɗebo ruwa lokacin suna yara, ta matakalar cikin dutsen ko ta hanyar waje, kuma sau nawa suke sauka a rana.